Ranar da Na Kai Gwangwanaye Gara

Na yi ta roƙon Allah ya mantar da ni, amma na san ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar Binta ba. Ko yanzu da na ɗauki biro zan rubuta, sai da na ajiye shi na rufe fuska da mayafi, ni kaɗai a ɗaki, babu mai kallona.

Binta 'yar yayata ce, Yaya Asabe, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauye muke kusa da Kura, gidana da nata ba nisa. Cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ɗin nan aka yi bikin, da rani, lokacin da tumatir ya nuna, duk inda ka duba a bakin kanal ja ne. An kai Binta wani ƙauye ta wajen Bunkure, babban gidan manoma mai sassa da yawa. Tana son mijinta, yana son ta, biki ya tashi lafiya. Abin da ya rage shi ne gara. Kun kuwa san gara a wajenmu ba abinci ne kawai ba. A tsakar gida ake buɗe ta, kwano bayan kwano, a gaban dangin ango, kuma abin da suka gani ranar da shi za su riƙa kallon yarinya shekara da shekaru.

Kafin in kai ku can, bari in fara tona wa kaina asiri. Ni ina tara gwangwanin iri.

Tun da ruwa ya zo kanal mazanmu suka kama noman rani, ake kawo musu iri a 'yan ƙananan gwangwanaye, kowanne da hoton abin da ke ciki: tumatir, albasa, karas, kabeji, kankana. Idan Malam, maigidana, ya juye irin, sai ya bar gwangwanin a gindin katanga. Na farko na ɗauka ne don in zuba allura. Na biyu na ɗauka saboda hotonsa daban ne. Na uku kuwa ban da wani dalili. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci abin ya ƙara kama ni, don na fara gane baƙaƙen da ke jikinsu. Turanci ne, ban san me suke cewa ba, amma ina bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya ina jin daɗi.

Idan yara sun tafi makaranta, Malam yana gona, na gama shara da wanke-wanke, sai in shimfiɗa tabarma in jera su. 'Yan tumatir gefe guda, 'yan albasa gefe guda. Wani lokaci in sake jerin, in bi shekarun da na same su. Ba na ajiye biyu iri ɗaya. In na sami irin wanda nake da shi, sai in zaɓi mai kyan in bar ɗayan. Idan kuwa na hango wanda ba ni da shi, zuciyata ba ta kwanciya. (Akwai ranar da muna dawowa daga barka da mata, na hangi wani kore a bakin kanal. Na ce musu takalmina ne ya tsinke, na sunkuya na cusa shi a haɓar zani. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.)

Ba wanda na taɓa nuna wa. Mace mai 'ya'ya biyar, a ce tana tsintar gwangwani kamar 'yar yaye? Ina da manyan langa biyu iri ɗaya tun na aurena, farare masu jan fure, suna can saman jerena. A ɗaya nake ɓoye su. Kowane gwangwani na naɗe shi da tsumma, don kada hoton ya goge, kuma don kada su yi ƙara idan an taɓa langar. Sannan na ɗaure murfin da ƙyallen wani tsohon zanina.

To, a danginmu ni aka sani da dubulan. Ba yabon kai ba, ko a Kura aka yi biki ana aiko mini. Yaya Asabe ta ce dubulan ɗin garar Binta nawa ne. Kwana biyu na yi ina murzawa, ina soyawa, ina tsomawa a ruwan sukari, har bayana ya ƙage. Da ya huce na jera shi a ɗaya langar. Na nemi abin ɗaure murfi, hannuna ya faɗa kan ragowar tsohon zanin nan, na yaga na ɗaure. Saboda kiyashi da hannun yara, na hau kujera na ɗora ta saman jere, kusa da 'yar'uwarta. Na sauko ina yaba wa kaina dabara.

Ranar kai gara, uwa ba ta zuwa, don haka Yaya Asabe ta ce ni zan jagoranci mata. Ta riƙe hannuna a ƙofar ɗakinta ta ce, "Ke ce bakinmu a can. Na zaɓe ki ne don ba ki da hayaniya. An ce gwaggon yaron baki gare ta, kome ta faɗa ki haɗiye. Ni dai kada a raina mini yarinya."

Na ce, "In sha Allahu, Yaya, ba za ki ji kunya ba."

Motar da aka samo mana ta ɗaukar tumatir ce, direban kuma sauri yake don kwanduna na jiran sa a Kadawa. An gama loda buhuna da kwanuka a ƙofar gidan Yaya, ya zo ƙofar gidana yana ta danna ham. Ni kuwa ina fama da autata, ta riƙe mini zani tana kuka sai ta bi ni. Na lallashe ta, na miƙa wa yayarta, na hau kujera da mayafi a baki, na jawo langa. Na ji kamar ta ɗan yi sauƙi. Na ce a raina, ai dubulan in ya soyu sosai haka yake.

A cinyata na riƙe ta tun daga gida har Bunkure. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ɗaga ta sama. Uwani, matar ƙanenmu, ta ɗan jingino gwiwar hannu a kan murfin, na ture ta. Na ce, "Uwani, don Allah, kada ki farfasa mini dubulan." Ni da ba a san ni da faɗa ba.

Mun isa bayan azahar. Tsakar gidan cike da mata, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Aka yi gaisuwa, aka kawo ruwa da fura. Wadda za ta karɓi gara ita ce Gwaggo Laure, ƙanwar uban ango, doguwar mace mai kaifin murya. Can gefe kan buzu wata tsohuwa ce zaune tana jan carbi, aka ce mana Kaka Dije ce, kakar ango. Binta kuwa tana ɗakinta, tagar a buɗe, na san tana jin komai.

Gwaggo Laure ta fara buɗewa. Shinkafa, ta damtsa ta watsa a tafin hannu ta ce, "Ta kanal ce, ba laifi." Man shanu, ta shinshina ta gyaɗa kai. Alkaki ta ce ya yi. Nakiya ta ce ta ɗan yi laushi, amma a haka za a ci. Ni dai ina ta murmushi ina haɗiyewa kamar yadda aka umarce ni. Uwani ce ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Gwaggo, duk wannan sharar fage ce. Ki bari sai kin buɗe ta hannun innar amarya. Irin wannan dubulan ɗin ba a taɓa cin sa a Bunkure ba."

Gwaggo Laure ta ce, "To, mu gani. Mu ma dai muna da haƙora."

Da hannuna na miƙa mata. Har da ɗan rusunawa.

Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi, ta tsaya. Daga inda nake ban ga cikin langar ba, fuskarta kawai nake gani. Ta ce, "Ikon Allah. Dubulan ɗin Kura da zani yake kwana?" Ta sa hannu ta ɗauko ƙulli ɗaya, ta warware tsumman a hankali. Sai ga hoton kabeji yana kallona.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na gane shi tun kafin ta gama warwarewa, na ma san wanda ke ƙarƙashinsa.

Ta leƙa cikinsa, ta girgiza, ta kife. Ba komai. Ta ajiye a tabarma, ta warware na biyu. Karas. Na uku, albasa. Haka ta riƙa jera su a gaban mutane, ba ta ko bi tsari ba, ta haɗa 'yan tumatir da 'yan kankana. (Ku ji fa, a cikin wannan halin har da wannan ya dame ni.)

Ta ɗago ta ce, "Innar amarya, wannan da shayi ake ci, ko sai an jiƙa?"

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai mutanen Kura sun ci gaba, yanzu hoton abinci ake kai wa gara. Wata ta ce a dafa wa ango na kabejin. Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ƙasa kawai nake kallo, ina neman inda za ta tsage.

Da a dariyar abin ya tsaya, da na gode Allah. Sai wata daga baya ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Ku dai yi dariya. Gwangwani a naɗe cikin tsumma, a ɗaure, a shigo da shi gidan mutane a sunan gara? Ni dai ban taɓa gani ba. A bincika abin da aka haɗa."

Dariyar ta ɗauke. Na ga wadda ke kusa da tabarmar ta janye ƙafarta. Wata ta ja ɗanta baya. Gwaggo Laure ma ta saki wanda ke hannunta ta goge yatsu a zani. Na kalli tagar Binta. Na san idan muka tashi a haka, shi ke nan, an ce dangin amarya sun shigo da asiri. Duk wanda ya yi ciwon kai a gidan nan, duk gonar da tsutsa ta ci, yarinyar nan za a kalla. Kwananta bakwai kacal a gidan.

Na yi magana ƙasa-ƙasa. Na ce, "Nawa ne."

Gwaggo Laure ta ce, "Ɗaga murya, ba ma ji."

"Nawa ne. Tara su nake yi. Langa biyu gare ni iri ɗaya, dubulan ɗin yana gida. Binta ba ta san da su ba, uwarta ma ba ta sani ba."

"Tarawa kike ki sayar?"

"A'a."

"To me kike zubawa a ciki?"

"Ba komai."

"To me kike yi da su?"

Na ce, "Kallo."

Wannan kalmar ita ce mafi nauyi da na taɓa furtawa a gaban mutane. Wasu suka yi 'yar dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Na ga ba su gamsu ba. Wa zai yarda babbar mace tana zama ta kalli gwangwani?

Sai Kaka Dije ta ajiye carbinta. Ta ce a matso mata da tabarmar. Ba wadda ta motsa, sai ta jawo ta da sandarta. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga. Ta ce, "Yarinya, wannan fa?"

Na ce, "Na shekarar da na haifi ta ukuna ne, Kaka. Albasar ta yi kyau, har Malam ya sake rufin ɗaki."

Ta ɗauki wani. "Wannan?"

"A bakin kanal na tsince shi, muna dawowa daga barka. Ba namu ba ne, mu ba mu taɓa shuka latas ba."

"Wannan mai lotsewar?"

"Akuya ce ta taka shi. Na yi ta neman irinsa ban samu ba, shi ya sa na bar shi."

Tun ina amsawa da kyar har bakina ya saki. Na manta inda nake. Sai da na ji kaina ina yi wa matan Bunkure bayanin yadda ake goge tsatsa da toka ba tare da an taɓa hoton ba, sannan na farga na yi shiru.

Kaka Dije ta dubi wadda ta yi zancen bincike. Ta ce, "Kin ji asirin. Akuya ta taka, an goge da toka. Ki kwantar da hankalinki, ba abin da zai kama ki sai tsatsa." Sannan ta juya kan Gwaggo Laure. "Ke kuma da kike goge hannu, wace ce ke da kwalla cike da kwalaben turare a ƙarƙashin gado tun tana budurwa? Ko in aika a ɗauko a jera kusa da waɗannan?"

Gwaggo Laure ta ce, "Haba Iya, ai nawa kwalabe ne. Har yanzu suna ƙamshi."

"Ƙamshin me? Wasu tun kafin a haifi angon nan suka bushe."

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko, kuma ba ni kaɗai ake yi wa ba. Wata ta ce ita akwatunan ashana take ajiyewa. Wata ta ce mijinta yana da tsohon keke da ba ya hawa, ba ya sayarwa, kullum Juma'a sai ya goge shi. Wadda ta janye ƙafa ɗazu ta matso tana tambaya ko ina da na barkono.

Na fara sauke numfashi, ashe da saura. Kaka Dije ta ce, "Amma fa an ci ku tara. Gobe dubulan ya zo. Kuma zan ɗauki ɗaya a nan." Ta bi su da ido, ta miƙa hannu ta ɗauki wani ɗan rawaya mai hoton dogon tumatir. Shi ne na allurar nan, na farkon fari, na shekarar da ruwa ya fara zuwa gonarmu. An daina kawo irinsa tuntuni.

Ta juya shi a hannu ta ce, "Irin wannan marigayi maigidana ya fara shukawa. Da cewa ya yi shi ba zai yi noma da rani ba, wai gona ma tana son hutu. Da ya ga na maƙwabta ya fito, da kansa ya je ya karɓo." Ta dube ni. "Ko ba za ki iya ba?"

Gaskiya ban so ba. Na ji kamar in ce ta ɗauki uku ta bar mini wannan. Na kalli tagar Binta na ce, "Na ba ki, Kaka, duniya da lahira."

Kafin mu tafi na shiga wajen Binta. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "Inna, da matar nan ta yi magana na zaci yau za a mai da ni gida." Na ce ta yafe mini. Ta share ido, sai kuma ta fara dariya tana toshe baki da mayafi. Ta ce, "Inna, wai da gaske kallonsu kike yi?"

Yaya Asabe kam ba ta yi dariya ba. Uwani ta riga ni ba ta labari tun daga zaure. Yaya ta dube ni ta ce, "Na ce kada a raina mini yarinya, kika kwashi bola kika kai." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Ban ga laifinta ba.

Malam ne na fi jin nauyin faɗa wa. Na kai masa tuwo, na zauna nesa, na ba shi labari ina kallon tabarma. Ya ci lomarsa, ya sha ruwa. Ya ce, "Wanne tsohuwar ta ɗauka?" Na ce ɗan rawayan. Ya ce, "Kash. Ai wannan ba a samun sa yanzu." Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Ke kin zaci don me nake buɗe su a hankali da wuƙa, in ajiye a gindin katanga? Sauran mutane a gona suke yarwa." Shekara nawa ina ɓoyo, ashe mai kawo mini kayan da saninsa yake kawowa.

Washegari na koma da dubulan, ni da Uwani, a motar haya. Gwaggo Laure ta tare mu a bakin ƙofa ta ce ba za ta taɓa langar ba, in buɗe da kaina. Na buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta ɗauki na biyu, ta ce, "To, wannan dai ba hoto ba ne." Sannan ta ja ni ɗakinta, ta sakaya ƙofa, ta jawo kwallar nan daga ƙarƙashin gado. Sai da muka yi la'asar a ɗakin.

Sunan dai ya bi ni. Har yau a ƙauyen nan Inna mai gwangwani suke ce mini, yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kira na. Amma ni ya bi, bai bi Binta ba, kuma abin da na roƙa ke nan. Ita har riba ta ci. Matan sassan gidan suka riƙa kiran ta suna ba ta gwangwani ta ajiye wa innarta, kafin wata biyu ta san kowane ɗaki, an saba da ita. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta zo mini da ƙulli. Yawancinsu ina da irinsu, amma ban taɓa faɗa ba.

Abin da na koya bai da yawa. Idan kana son abu, ko da gwangwani ne, gara ka nuna shi da kanka a tsakar gidanku, inda mutum biyar za su yi dariya su gaji, da a buɗe maka shi a tsakar gidan surukai. Kuma tun daga ranar, ko kunu zan aika wa maƙwabta, sai na ɗaga murfi na leƙa, in rufe, in kai bakin ƙofa, in sake ɗagawa.